Wanda Ya Tsallake Brahmana Bai Karanta Veda Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya a gajerun darussan kwatanta addinai, na takarda da na bidiyo. Idan aka zo kan littattafan Hindu, sai a ce Veda huɗu ne, a jero sunayensu, sannan a daka tsalle a dira kan Upanishad, a tsinto jimla biyu ko uku masu daɗin ji a kan ruhi da kaɗaituwar abin bauta. Littattafan da ke tsakanin biyun, wato Brahmana, sai a sallame su da layi ɗaya, a ce sharhin tsafe-tsafe ne. Wani ma ko sunansu ba ya kamawa.

An yi tuya an manta da albasa ke nan. In Veda gida ne, waƙoƙinsa su ne zaure, Upanishad ƙuryar ɗaki, Brahmana kuwa tsakar gida. Babu mai isa ƙuryar ɗaki bai ratsa tsakar gida ba sai wanda ya haura katanga. Ra'ayina shi ne duk mai koyar da Veda ya ba Brahmana rabonsu cikakke, ko kuwa ya daina cewa Veda yake koyarwa. Ba sai mutum ya yarda da ko kalma ɗaya ta aƙidar da ke cikinsu ba. Magana ce ta amanar ilimi.

Tukuna a raba sunaye, domin suna rikita mutane. Brahma sunan abin bauta ne. Brahmin shi ne wanda aka haifa a ajin malamai. Brahmana kuwa zance ne na zube da tsohon harshen Sanskirit, wanda aka tsara da ka, aka kuma riƙe da hadda, a arewacin Indiya, wajejen shekara 900 zuwa 600 kafin Miladiyya a ƙiyasin masana. Kowane Veda hawa-hawa ne: Samhita mai ɗauke da waƙoƙi da addu'o'i, sai Brahmana, sai Aranyaka, wato littattafan daji, sai Upanishad. Rigveda yana da Aitareya mai babi 40 da Kaushitaki mai babi 30. Samaveda yana da Panchavimsha da Jaiminiya. Atharvaveda yana da Gopatha. Yajurveda yana da Taittiriya da kuma babbansu, Shatapatha, "mai hanyoyi ɗari", babi 100 a kundi 14 a ruwayar Madhyandina, kundi 17 a ruwayar Kanva.

"Ai sharhi ne kawai"

Kalmar sharhi ce ta fara yaudararmu. Mun saba da matani a tsakiyar shafi, sharhi da hashiya a gefe, kuma ɗalibi ya san na gefen ba ya kai darajar na tsakiya. Sai mu ɗauka haka abin yake a can.

Ba haka ma'abota al'adar suka tsara ba. Sun kasa littattafansu gida biyu: shruti, abin da aka ji, da smriti, abin da aka tuna. Brahmana a gidan farko suke, kafaɗa da kafaɗa da waƙoƙin. Malam Apastamba ya ba da ma'anar a gajarce: Veda suna ne na mantra da Brahmana a haɗe. Jaimini, mai kafa makarantar Mimamsa ta fassara nassin Veda, ya ce duk abin da ba mantra ba ne a cikin Veda to Brahmana ne. A reshen Yajurveda da ake kira Baƙi ma, ba a raba su ba: addu'a da bayaninta a cakuɗe suke cikin Samhita ɗin kanta. Shatapatha da Taittiriya har da karin sautinsu aka riƙe su, hawa da saukar murya a kan kowace kalma, kamar yadda ake riƙe waƙoƙin. Sharhi na ainihi, irin wanda muka sani, shi ne na Sayana a ƙarni na 14 a daular Vijayanagara, kuma shi Sayana su Brahmana ɗin ma ya yi musu sharhi. Ba a yi wa hashiya irin wannan hidimar.

Gaskiya ne akwai 'yan Hindu da suka ƙi wannan. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a Bombay a 1875, ya ce Samhita kaɗai ce Veda, sauran aikin mutane ne. Ra'ayin mai gyaran addini ne na ƙarni na 19, yana da mabiyansa har yau. Amma a gabatar da shi a matsayin ra'ayin ƙungiya ɗaya, kada a sulale da shi a ce shi ne tsarin asali.

Ga kuma abin da ya fi komai nauyi. Waƙa ba ta ba ka umarni. Baitin Rigveda zai yabi wuta, amma ba zai ce maka ka karanta shi a wane lokaci, kana fuskantar ina, da me a hannunka ba. Umarnin yana cikin Brahmana. Shi ya sa malaman Mimamsa, irin su Shabara da Kumarila, suka gina ilimin fassara nassi kacokam a kan jimlolin zuben nan. Sun raba su biyu: vidhi, wato umarni, da arthavada, wato zancen da ke kwaɗaitarwa ko tsoratarwa. Misalinsu da aka fi sani: nassi ya ce mai neman arziki ya yanka farar dabba ga Vayu, abin bautar iska. Wannan umarni ne. Sai ya ƙara da cewa Vayu ya fi kowa sauri. Wannan ba labari ake ba ka ba, kwaɗaitar da kai ake yi ka bi umarnin. Da irin waɗannan ƙa'idoji aka riƙa warware nassoshin shari'ar Hindu ɗaruruwan shekaru bayan haka.

Me ke cikinsu, in an matso kusa

Ɗauki hadayar da ake yi sau biyu a wata, ranar da wata ya cika da ranar da ya ɓuya. Murhu uku ne a filin. Na yamma zagayayye, shi ne wutar maigida wadda ba a bari ta mutu. Na gabas mai kusurwa huɗu, nan ake zuba baiko. Na kudu kamar rabin wata. Malamin Yajurveda, adhvaryu, shi ne mai aikin hannu. Zai ɗebi shinkafa cikin tafin hannu sau huɗu, uku da karatu, na huɗu shiru. A shimfiɗa buzun baƙar barewa, a ɗora turmi a kai, a surfa, a bakace, a niƙa a dutse, a kwaɓa da ruwan zafi, a gasa a kan 'yan faya-fayan yumɓu da aka jera aka zafafa da garwashi. Wainar Agni, abin bautar wuta, kan faifai 8 ake gasa ta.

Aikin Brahmana shi ne amsa tambayar: don me 8? Amsarsa, domin karin waƙar Agni, gayatri, gaɓa 8 ne a kowane ɗango. Idan za a hura wuta, malamin Rigveda, hotar, yana karanta baiti 11, amma yana maimaita na farko sau uku, na ƙarshe sau uku, su zama 15. Don me? Kowane baiti gaɓa 24 ne, 15 sau 24 kuwa 360, adadin kwanakin shekararsu. Wanda ya hura wutar da waɗannan baitoci, in ji Shatapatha, ya kama shekara sukutum.

A nan ne baƙo ke ɓata. Yana buɗe Brahmana da zaton zai sami jagora mataki-mataki, sai ya ga ana tsalle-tsalle. Jagoran aikin yana wasu littattafan daban, Shrauta Sutra, waɗanda suka zo daga baya. Brahmana da wanda ya riga ya iya aikin yake magana. Martin Haug, Bajamushen da ya fassara Aitareya a 1863, sai da ya sami wani malamin hadaya a Pune ya gwada masa ayyukan a gabansa kafin jimlolin su zauna masa.

"Sambatu ne marasa kan gado"

Wannan tuhumar tana da uba. Max Müller, Bajamushe masanin Veda, ya rubuta a 1859 cewa a nazarci Brahmana kamar yadda likita ke nazarin shirmen wawaye da sambatun mahaukata. Julius Eggeling, wanda ya fassara Shatapatha a mujalladi biyar tsakanin 1882 da 1900, shi ma ya koka da tsawon zancen da gajiyarwarsa. Daga bakin waɗannan ne layin nan guda ya gangaro har cikin darussanmu.

Gajiyarwa kam akwai ta, ba zan musa ba. Akwai shafuka da sai ka daure. Amma hauka ba shi da ƙa'ida, wannan zancen kuwa yana da ita. Ƙa'idar ita ce abubuwa biyu da suka yi tarayya a adadi, ko a sauti, ko a siffa, suna da wata igiya ɓoyayyiya da ta ɗaure su, kuma wanda ya san igiyar zai iya taɓa babba ta hanyar ƙarami. Kundi na 6 zuwa na 10 na Shatapatha sun ƙare ne a kan ginin dandamalin wuta mai siffar tsuntsu, hawa biyar na tubali. Labarin shi ne Prajapati, mahalicci a wurinsu, ya tarwatse bayan ya gama halitta, ginin kuma sake harhaɗa shi ne. Prajapati shi ne shekara. Shekara kwana 360, kowace rana muhurta 30 (muhurta ɗaya minti 48), jimla 10,800. Don haka tubalan cike gurbi 10,800 ne. Littafin bai tsaya nan ba, ya ce gaɓoɓin Rigveda 432,000 ne, wato 10,800 sau 40. Waɗanda suka ƙirga a zamanin nan sun sami ƙasa da 400,000, ka ga an ja lissafin ne don ya hau kan tsarin. Kana iya cewa tsarin ƙarya ne. Ba ka iya cewa babu tsari.

Sannan mahaukaci ba ya kafa hujja da abokin hamayya. Su kuwa waɗannan littattafan cike suke da saɓanin malamai. Sau da yawa za ka ji "wasu suna yin kaza", sai a biyo da "kada a yi haka", sai dalili. Baikon madara na safe da yamma, agnihotra, ya isa misali. Shatapatha ya ce a zuba na safe kafin rana ta fito, domin baikon ne ke haifo ta, in ba a yi ba ba za ta fito ba. Aitareya ya ce sam, sai bayan ta fito, domin mai zubawa kafin fitowarta kamar mai miƙa nono ne ga jaririn da ba a haifa ba, kuma ƙarya yake yi kullum safiya da yake cewa rana ce haske alhali duhu ne.

Inda na fi jin daɗinsu shi ne babin abin da ya ɓaci. Saniyar da ake tatsa don baiko ta kwanta ana cikin tatsa, yaya za a yi? Kare ko rago ya ratsa tsakanin murhu biyu fa? Madara ta zube fa? Wuta ta mutu fa? Wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanci babin rafkanuwa a Ahalari zai gane irin wannan tunani, ko da yake aƙidar ta sha bamban nesa ba kusa ba. Game da kare, wasu sukan ɗebi toka su ja layi da ita tsakanin murhun biyu da baitin abin bautarsu Vishnu. Shatapatha ya hana, ya ce a zuba ruwa. Game da saniya, wasu sun ce masifa ta hango wa maigida, a tashe ta da addu'a a bayar da ita ga malamin da ba za a ƙara zuwa gidansa ba, masifar ta bi ta. Malam Yajnavalkya ya ce a'a, a zungure ta da sanda ta tashi a ci gaba da tatsa. Wannan amsar makiyayi ce mai hankalinsa.

A babbar hadayar soma, wato ruwan wani tsiro da ake matsewa a yi baiko da shi, malamai 16 ne, shugabanni huɗu. Uku suna aiki da baki da hannu. Na huɗun, mai muƙamin da ake kira brahman, zaune yake shiru a kudu yana bin komai da zuci, Aitareya ya kira shi likitan hadaya. In kuskuren daga baitin Rigveda ne, ya zuba baiko a murhun yamma da kalmar bhuh. In daga Yajurveda ne, a wani murhu na musamman mai suna agnidhriya da bhuvah (a ƙananan hadayu kuwa a na kudu). In daga Samaveda ne, a na gabas da svah. In ba a gane inda aka kuskure ba, ya haɗa ukun a na gabas.

Akwai kuma labarin da mai jin Hausa zai gane fiye da Müller. Indra, sarkin allolinsu, ya kashe ɗan wani abin bauta mai suna Tvashtar. Uban ya zuba ragowar soma a wuta don ya haifo mai rama masa, ya ce "girma, Indrashatru". Aka haifi dodo Vritra, amma Indra ne ya kashe shi, ba shi ya kashe Indra ba. Shatapatha ya ce laifin kalmar ne. Masana nahawunsu suka fayyace daga baya: in muryar ta hau a ƙarshen kalmar, ma'anarta makashin Indra, in ta hau a farko, wanda Indra ne makashinsa. Tvashtar ya hau a farko. Mu da muke raba kuka ta miya da kuka na hawaye da karin sauti kawai, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Wannan tsoron kuskuren lafazi shi ya haifar da ilimin furuci da nahawu a Indiya, wanda ya kai ƙololuwa a hannun Panini, babban malamin nahawun Sanskirit.

Haka awon fili. Shatapatha ya ce a kafa turke, a yi taku 15 kudu da 15 arewa, a yi 36 gabas, can kuma 12 da 12. Da aka zo neman yadda kusurwar za ta miƙe daidai, littattafan igiya, Shulba Sutra, suka ce a yi amfani da igiya mai 39. Gwada ka gani: 15 sau 15 a tara da 36 sau 36 ya ba da 1,521, wato 39 sau 39. Ƙa'idar da ake koya wa yara da sunan Pythagoras ke nan, a hannun masu kafa turaku.

"Neman na tuwo ne na malamai, da danne talaka"

Wannan ita ce tuhuma mafi ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Shatapatha ya faɗa ƙarara cewa alloli iri biyu ne, na sama da kuma na mutane, wato malaman da suka yi karatu: na sama a ba su baiko, na ƙasa a ba su lada. Ladan kuwa shanu ne, da zinariya, da tufafi. Aitareya ya siffanta talaka mai noma da kiwo da cewa mai biyan haraji ne ga wani, abin cin wani, Shudra kuma, wato ɗan ajin ƙasa, bawan wani ne, a kore shi in an so, a kashe shi in an so. A wani wurin ya ce ɗa haske ne a sama mafi ɗaukaka, 'ya mace kuwa abin tausayi ce. Babu sabulun da zai wanke wannan.

To amma wannan dalilin karantawa ne, ba na rufewa ba. Mai son ya san inda tsarin aji-aji na Indiya ya samo hujjarsa, ga shi nan da bakin masu shi, kafin a yi masa kwalliya. B. R. Ambedkar, jagoran Dalit, waɗanda tsarin ya mayar saniyar ware, da ya rubuta bincikensa kan asalin Shudra a 1946, ai cikin waɗannan littattafan ya shiga ya kwaso shaida. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta ba talaka suke karewa ba.

Kuma littattafan kansu suna tona asirin kansu. Aitareya ya ba da labarin Kavasha, wanda malamai suka kora daga zaman soma a bakin kogin Sarasvati, suka ce ɗan baiwa ne, suka jefa shi hamada ƙishirwa ta kashe shi. A can waƙar ruwa ta zo masa, kogin ya biyo shi ya kewaye shi, sai ga malaman nan sun dawo suna kiransa. Akwai kuma labarin Shunahshepa. Sarki Harishchandra ya yi wa abin bautarsu Varuna bakancen ɗansa, ya yi ta ɗage-ɗage, ƙarshe aka sayi yaron wani matalaucin Brahmin mai suna Ajigarta a madadinsa. 'Ya'ya uku gare shi. Uba ya riƙe babba, uwa ta riƙe auta, aka sayar da na tsakiya kan shanu 100. Aka rasa mai ɗaure shi a turke, uban ya ce a ƙara masa 100. Aka rasa mai yanka, ya ce a ƙara 100, ya wasa wuƙa. Yaron ya tsira da addu'a, ya ƙi komawa gidan ubansa, wani babban malami mai suna Vishvamitra ya riƙe shi. Malamai ne suka tsara labarin da mugun cikinsa malami ne mai kwaɗayin shanu, kuma a gaban sarki ake karanta shi ranar naɗinsa. Sai dai ko a nan, da yaron zai zagi uban, cewa ya yi ko a cikin Shudra ba a ga irin wannan ba. Ka ga wariyar ba ta bar bakinsu ba har a lokacin da suke faɗar gaskiya.

Masu son a nuna tsohuwar Indiya tas babu tabo su ma ba sa son a buɗe nan. A yau jihohi da dama na Indiya sun haramta yanka saniya. A kundi na 3 na Shatapatha, bayan an hana wanda ya shiga haramin hadaya cin naman saniya da sa, sai Yajnavalkya ya ce shi kam yana ci, in dai naman mai taushi ne.

"Upanishad sun shafe su"

Ana son a nuna kamar wasu masu hikima ne suka yi tawaye suka bar malamai da hayaƙinsu. Akwai ƙamshin gaskiya: Upanishad ɗin Mundaka ta kira hadayu jiragen ruwa marasa ƙwari. Amma je ka duba inda manyan Upanishad suke zaune. Brihadaranyaka ita ce ƙarshen kundin ƙarshe na Shatapatha, ba wani littafi ne daga waje ba. Gwarzonta shi ne Yajnavalkya, mai sandar zungurar saniya. Jimlarta ta farko cewa take yi alfijir shi ne kan dokin hadaya, rana idonsa, iska numfashinsa, shekara jikinsa. Wanda bai san salon ɗaure abubuwa da igiya ba zai ce waƙa ce kawai. Alhali salon nan ne dai na tubali 10,800, aka ci gaba da jan igiyar har aka ce ran mutum da asalin duniya abu ɗaya ne.

Juyin ma a cikin Brahmana ya faro. A kundi na 11, Sarki Janaka na Videha ya tambayi Yajnavalkya da me ake agnihotra. Ya ce da madara. In babu madara fa? Shinkafa da sha'ir. In babu su? Sauran tsirran gona. In babu? Na daji. In babu? 'Ya'yan itatuwa. In babu? Ruwa. In babu ruwa? Ya ce to a lokacin babu komai ke nan, amma duk da haka za a yi baiko: a zuba gaskiya a cikin imani. Sarki ya ba shi shanu 100.

Haka batun yanka. Aitareya da Shatapatha duk sun ce sinadarin hadaya ya fita daga mutum ya shiga doki, ya fita ya shiga sa, sannan tunkiya, sannan akuya, sannan ya nutse a ƙasa ya tsiro shinkafa da sha'ir. Saboda haka wainar nan dabba ce cikakkiya: gari gashinta, in an zuba ruwa fata, in an kwaɓa nama, in an gasa ƙashi, in an shafa man shanu ɓargo.

"Wa ke yin wannan yanzu?"

Ƙalilan ne, gaskiya. Wutar da ango da amarya ke kewayawa a finafinan Indiya da muka taso muna kallo ta ayyukan gida ce, murhu ɗaya, ba ta manyan hadayu masu murhu uku ba. Bautar gunki a haikali ma daga baya ta zo, Brahmana ba su san ta ba.

Amma abin bai mutu ba. A watan Afrilu na 1975 malaman Nambudiri, wato Brahmin ɗin yankin, suka gina dandamalin tsuntsun a ƙauyen Panjal na jihar Kerala, kwana 12 ana yi, hawa biyar, tubali 200 a kowane hawa bisa ruwayarsu. Frits Staal, masani ɗan ƙasar Holan, ya naɗi komai da na'ura. Da mutane suka tayar da ƙura kan yanka awaki, sai aka maye gurbinsu da ƙullin garin shinkafa a ganyen ayaba. Wasu sun ga kamar an karya al'ada, alhali ƙofar da aka bi tsoffin littattafan ne suka buɗe ta tun da daɗewa. An sake yi a Panjal a 2011.

Staal ya fito daga wannan aiki da ra'ayin da ya wallafa a 1979, cewa ayyukan nan ba su da ma'ana, ƙa'idoji ne kawai ake bi don kansu. Hujjarsa ita ce masu yin ba ma'ana suke tunani ba, ƙoƙarinsu kada su kuskure, kuma bayanan Brahmana suna karo da juna. Na yarda da abin da ya gani, ban yarda da abin da ya fitar ba. Direba a kan hanya ba ya tunanin dalilin tafiya a kowace kwana, wannan bai sa tafiyar ta rasa dalili ba. Karon bayanai kuwa shaida ce cewa mutanen sun damu da ma'ana har suna faɗa a kanta. Kalmar da ta fi yawan rufe sakin layi a littattafan nan ita ce "wanda ya san haka". Sani suke sayarwa, ba motsin hannu kaɗai ba.

Ga masu tsinto baiti daga Veda don muhawara da 'yan Hindu, hannunka mai sanda: kusan kowane baiti yana da gurbinsa a wani aiki, kuma abokin muhawararka in ya yi karatu ya san gurbin. Ka duba me Brahmana ɗin reshen ya ce a kansa kafin ka ɗora masa ma'anar da kake so.

Mai son farawa kada ya fara daga shafin farko ya ce sai ya kai ƙarshe, zai gaji a mako guda. Ya fara da kashi na 7 na Aitareya, inda babin gyaran kuskure da labarin Shunahshepa suke. Daga nan kundi na 11 na Shatapatha, don muhawarorin fadar Janaka. Sannan ya komo kundi na 1, babi na 8. Nan zai tarar da Manu, kakan mutane a wurinsu, yana wanke hannu da safe, wani ɗan kifi ya faɗo masa a tafi, ya ce ka raine ni zan cece ka. Ya sa shi a tulu, ya girma ya mai da shi rami, ya girma ya kai shi teku. Kifin ya faɗa masa shekarar da ruwan tsufana zai zo, ya ce ya sassaƙa jirgi. Da ruwa ya taso, Manu ya ɗaure igiyar jirgin a ƙahon kifin, ya ja shi har dutsen arewa. Shi kaɗai ya rage. Ya zuba man shanu da nono da kindirmo a ruwa, bayan shekara wata mace ta fito daga ciki, sunanta Ida, ta hanyarta ya sami zuriya.

Mai karatu zai tuna da Annabi Nuhu (AS), dole. Amma ya ci gaba da karatu layi kaɗan, ya ga dalilin kawo labarin. Ba don ruwan aka ba da shi ba. Ana so ne a bayyana don me ake gutsurar wani ɗan yanki daga wainar shinkafar nan, a sa a akushi na musamman, malamai da maigida su ci tare, da kuma don me ake kiran yankin ida.